Sallar Mace a Ɗakinta

Allura ake ce mata a masana'antar ɗinkin, ba don iya keke kaɗai ba, har da kaifin bakinta. Shekara da shekaru tana sallar azahar a lungun da ke tsakanin banɗaki da buhunan ƙyallaye, ita da sauran matan layinta, ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya cin mutum biyu. Maza kuwa, da ba su kai rabin matan yawa ba, ɗaki guda gare su, da darduma da fanka. Ranar da ruwan banɗaki ya malalo ya jiƙa mata goshi tana cikin sujada, ta ce tura ta kai bango.

Ta fara da Manaja, macen da hotonta ke manne a ƙofar shiga tana karɓar lambar yabo ta kare haƙƙin mata. Allura ta nemi makullin tsohon sito, wanda babu komai cikinsa sai karyayyun kujeru, don mata su riƙa sallah a ciki. Manaja ta saurare ta da murmushi, sannan ta zuba mata huɗuba: wai ita ta sha wuya kafin albashin mata ya kamo na maza a nan, kuma da sunan addinin nan aka daɗe ana danne su. Da Allura ta tambayi ɗakin maza fa, sai ta ce haka ta tarar da shi, ba za ta tsokano tsuliyar dodo ba.

"Nan wurin aiki ne, 'yar'uwa. Addini a gida ake barinsa."

Sai Allura ta nufi kawunta, mai gyaran kekunan ɗinki, wanda ke limancin mazan, shi ne kuma ya samo mata aikin. Ta roƙe shi a raba ɗakin da labule. Kawu ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya yi gyaran murya.

"Ke 'yar nan, sallar mace a ɗakinta ta fi lada. Kada ki ja mini magana."

Abin ya ƙona mata rai, ya kuma ba ta dariya. Mutum biyu da ba sa ga-maciji, Manaja tana kiran Kawu ɗan gargajiya a bayan ido, shi yana nema mata shiriya da ƙarfi don ta ji, yau ga shi bakinsu ya zo ɗaya: ta tafi gida. Kowannensu kuma gani yake gata ya yi mata.

Ta faɗa wa matan layinta abin da take shirin yi. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta tuna mata cewa da aikin nan take riƙe da yaranta. Ba ta ga laifinsu ba.

Washegari motar masu kaya tana bakin ƙofa tana jiran rigunan makaranta da ba a gama ba. Kawu na kiran sallah, Allura ta kashe kekenta, ta bar hannun riga a ƙarƙashin allura. Ta ɗauki jaka da sallaya, ta bi ta tsakiyar layi, ba ta hanyar lungu ba. Manaja ta tare ta daidai ƙarƙashin hoton nata. Kawu ma ya ƙaraso, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, duk suna tambayar ina za ta.

"Gida. Ranki ya daɗe, ke kika ce addini a can ake barinsa. Kawu, kai ka ce ladan yana can. To na yi muku biyayya ku biyun, zan je in same shi inda kuka ajiye mini. Mota biyu nake shiga. In na idar zan dawo, la'asar ta yi in sake komawa."

Manaja ta ce idan ta fita kada ta dawo. Kawu ya ce ta tuna wa ya kawo ta. Allura ta ce ta tuna sarai, ta raɓa ta tsakaninsu ta wuce.

Ta doshi ƙofa. Ba ta waiwaya ba, don tana tsoron ta ga babu kowa a bayanta. Sai ta ji keke ɗaya ya tsaya, sannan na kusa da shi, sannan ƙarar kujeru ana turawa baya. Kafin ta tsallake ƙofa, masana'antar ta yi tsit, har ana jin fankar ɗakin maza tana juyawa.