Babin da Ya Sa Baba Minshari

Da aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi talabijin da waya har sai an cire bandeji. Mutumin da ya saba yini yana kallon dambe, sai ga shi kwance rigingine yana faɗa da ƙarar fanka.

Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta daɗe tana rubuta littafi a ɓoye, labarin wata matuƙiya mai jagorantar rundunar jirage a yaƙin da ake yi a tsakanin taurari. Da mitar Baba ta ishi gidan, sai ta jawo kujera gefen gadonsa ta fara karanta masa.

Tun a shafin farko aka harbo jirgi. Kafin a yi nisa an tarwatsa wata duniya, matuƙiyar ta kutsa tsakanin duwatsu masu yawo a sarari, injinta na cin wuta. Baba ya manta da ƙaiƙayin ido. Ko magani ba ya yarda a ɗiga masa sai an yi alkawarin ƙarin shafi.

Mama tana guga a bakin ƙofa kamar ba ta saurare. Ranar da ƙanin matuƙiyar ya mutu, aka juya shafi sai ga ta ta koma fagen daga, Mama ta ajiye dutsen guga.

"Auta, yarinyar nan dutse ne a ƙirjinta? Ƙaninta fa."

"Ana ruwan wuta kina so ta zauna karɓar gaisuwa?" in ji Baba. "Ci gaba, Auta."

"Ni ko sunan yaron ban riƙe ba," Mama ta ce. "Mutane na zubewa kamar ƙudaje, ban ji zafin ko ɗaya ba."

Maganar ta soki Auta, don ta san gaskiya ce. Ta yi kumburinta ta gama, sannan ta rubuta sabon babi: matuƙiyar ta shiga ɗakin ƙaninta, ta tarar da takalminsa ɗaya a kife, ta rasa yadda za ta sanar da mahaifiyarsu.

Da ta karanta musu, Mama ta yi ta share ido da gefen mayafi. Daga kan gado kuwa sai minshari.

"Ba barci nake ba," in ji Baba da aka taɓa shi. "Amma jiragen fa, ina suka shiga?"

Auta ta rage babin, ta bar abin da ya taɓa Mama, ta mayar da yaƙin kusa.

Bayan an cire bandeji, Baba ya karɓi takardun ya karanta da kansa, yana bin layi da yatsa. Ya daɗe a wani shafi kafin ya ɗago.

"Wai yaron nan da ya rasu, shekarunsa nawa?"

Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tarar ita ma ba ta taɓa tambayar kanta ba.