Ranar da Gwaggo Ta Hana Ɗaukar Yara

Tun da Direba ya rabu da matarsa, mai aikin jinya a asibiti, shagon ɗinkin Gwaggo ya zama tashar yara. Gwaggo yayar Direba ce ciki ɗaya, ita ta goye shi yana jariri. Uwar takan ajiye yaran a bakin shago ta wuce aiki, uban ya zo ya kwashe su bayan ta ɓace, don kada a haɗa ido. Su biyu ne: Babba, mai shekara goma sha ɗaya, da ƙaninta Auta, wanda bai daɗe da shiga makaranta ba.

Da farko Gwaggo ta zuba ido, tana cewa tsakanin miji da mata sai Allah. Amma ta lura an mai da Babba 'yar aike. Uwa ta ce a gaya wa uba takalmin Auta ya yage, uba ya ce a gaya mata ba shi ya yaga ba. Yarinyar da surutunta kan danne ƙarar keken ɗinki ta koma zama a kan buhun ƙyallaye tana cin farce.

Wata rana Gwaggo na gwada wa Auta wando, sai ya ƙi kallon madubin shagon. Ta tsokane shi, ta ce ko muninsa yake tsoro. Yaro ya fashe da kuka. Da ƙyar ta tsinci zancen: shi ya fasa madubin ɗakin Mama da ƙwallo, aka yi ta faɗa, washegari Mama ta kwashe kayanta. A ganinsa shi ya kori uwarsa.

Da Direba ya iso yana danna hon, Gwaggo ta fito da almakashi a hannu ta ce yara ba sa zuwa ko'ina.

"Yaya, 'ya'yana ne fa."

"Ban ce na maƙwabci ba ne. Amma a wurina za su zauna sai kai da uwarsu kun zauna a gabansu."

Ya ce zai kira dangi, ta ce ya kira. Ya ce har 'yan sanda zai iya kawowa, ta ce ya kawo, in kakinsu ya yage ta ɗinke musu. Sannan ta buga wa uwar waya. Ita kuma ta rantse ba za ta sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya da mutumin nan ba. Gwaggo ta ce wannan mai sauƙi ne, za ta fitar da benci waje.

Sun ja, sun ja, amma dole ta kawo su. Gwaggo ta zaunar da su a bayan shago, kowa a ƙarshen benci kamar fasinjojin da ba su san juna ba. Ta ce ba sulhu ta kira su yi ba, aure ya mutu, Allah ya jiƙansa. Sai dai yaran nan ba su saki kowa ba, ba kuma wanda ya sake su. Ta ba su labarin madubi. Uwar ta rufe fuska da mayafi. Direba ya buɗe baki zai ce ai laifin wance ne, Gwaggo ta ce ya haɗiye.

Aka kira yaran. Direba ya ɗora Auta a cinya, ya gaya masa ko madubi dubu ya fasa ba zai raba aure ba, matsalar ta manya ce. Uwar ta ƙara da cewa ba za ta dawo gidan ba, amma har abada ita ce Mamansa. Auta ya tambaya ko ƙwallonsa zai iya bin sa gida biyun. Aka ce zai iya.

Babba ba ta jira an ba ta dama ba. Ta miƙe tsaye.

"Ni na daina kai saƙo. Kuna da waya. Kuma kada wanda ya sake tambayata wa na fi so, don ba zan amsa ba."

Direba ya ɗaure fuska, ya ce yaushe yarinyar nan ta yi baki haka. Gwaggo ta ce gado ne, ya bar ta ta ƙarasa. Ta kuwa ƙarasa, har da cewa in an zagi ɗayansu a gabanta tashi za ta yi ta fita.

Aure bai dawo ba. Amma daga ranar iyayen suka koma miƙa yaran hannu da hannu, da gaisuwa a taƙaice. Direba dai ya daɗe yana fushi da yayarsa, har ya kai rigunansa wurin wani tela a can ƙarshen layi. Da labari ya iso wa Gwaggo, ko ɗaga kai daga keke ba ta yi ba. Ta ce ya je, ta san ɗinkin mutumin, hannun riga ɗaya zai fi ɗaya tsawo.