Randebun Anisa

Haihuwa ba ta duba takardar likita. Hanifa ta sauka ranar Talata a Matameye, ta sami namiji, saura kwana tara ta mayar da 'yarta Anisa asibiti a Damagaram.

Shekarar Anisa shida. Da kaka muƙamuƙinta ya kumbura kamar ta cusa goruba a baki. A asibitin, wanda masu taimako ke ɗauke da nauyinsa, aka ce ciwon daji ne, amma irin mai jin magani: ƙarin ruwa sau shida, kuma kyauta. An yi uku, kumburi ya sace. Lokotoro, wato likitan, ya ja kunnen Hanifa kan ranakun dawowa: "Madam, sacewar kumburi ba warkewa ba ce. Kada ki tsallake randebu ko ɗaya."

To amma mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in. Mijinta Muntaka yana Legas cin rani. Gida na hannun uwarsa, Hajiya Baiwa, mai tafasa ruwan wanka safe da yamma, da ganyen bedi, wato darbejiya, ga kuma kunun kanwa. Tsohuwar ba muguwa ba ce, abin haushin ke nan. Da mugunta ce, da an san yadda za a yi da ita.

"Inna, jibi ne ranar Anisa."

"Ke 'yar nan, da ɗanyen jiki za ki hau mota? Sanyi ya shige ki, wa zai riƙe mini yaran? Dubi yarinya tana 'yar gala-gala. Allah Ya riga Ya ba da lafiya."

"Ko wani ya kai ta, Inna."

"A sake zuba mata abin da ya kaɗe mata gashi? Ba da yawuna ba."

Hanifa ta kira Muntaka. Ya ce abin da Inna ta ce shi ne. Sau biyu ma'aikaciyar asibiti tana bugo waya, Hanifa na cewa suna nan tafe, kunya da tsoro na cin ta. Kullum in ta fito wanka jiki na tururi, sai ta shafa kumatun Anisa. A kwana na talatin da ɗaya yatsanta ya ji ƙullutu. Hajiya ta ce haƙori ne.

Ranar arba'in aka yi mata lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa don zaga dangi. Ba ta zaga kowa ba, tasha ta nufa da Anisa.

Lokotoro ya dubi gurabun da ba a cike ba a karnen Anisa, katinta na asibiti, ya daɗe yana taɓa muƙamuƙin. "Ya dawo. Za mu gwada wani maganin, amma in ya dawo ba ya cika ji." Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa ta so ya yi.

Ma'aikaciyar ta leƙa goyon da ke bayanta. "Barka da arziki. An yi arba'in lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Hanifa, don haka ake amsawa.