Faifan da Akwatin Ya Ƙi

Shi ake kira in waya ta ƙi ko talabijin ya ɗauke, har surukansa suka laƙaba masa Injiniya, alhali malamin lissafi ne. Shi ya kawo shawarar a sayi akwatin ajiya, irin wanda ake jonawa da intanet ɗin gida, kowa ya zuba hotunansa a huta da cikar waya.

Akwatin faifai biyu yake ci, ɗaya na kwafe abin da ke cikin ɗayan. Akwai faifan da aka ƙera musamman don wannan aiki, masu jure juyawa ba hutu, amma Injiniya ba ya da haƙurin jiran oda. Ya zaro biyu daga tsofaffin kwamfutocinsa ya zura. Akwatin ya yi gargaɗi cewa waɗannan ba su dace da shi ba. Ya danna "ci gaba".

Matarsa ta juye komai a ciki ta share wayarta, har da saƙonnin muryar mahaifiyarta, wadda ta rasu bara.

Wata Asabar tana goge-goge, ta zare filogin don ta matsar da tebur. Da ta mayar, akwatin ya kama ƙyas-ƙyas, fitilarsa ta koma ja.

A shago mai gyara ya gaya wa Injiniya cewa faifai ɗaya ya daɗe da mutuwa, ɗayan ma da ƙyar yake jan ƙafa, ba ruwan filogi. Ya ceto yawancin hotunan. Muryoyin ba su dawo ba.

Injiniya ya koma gida da maganar a bakinsa, ya same ta a kicin, sai ta riga shi.

"Baban yara, ka yi haƙuri. Ka sha wahala ka haɗa mana abu, ni na lalata da hannuna."

Ya ce ba komai, ƙaddara ce. Shi kansa ya ji yadda muryarsa ta fita a natse, irin ta mai yafiya.

Ya sayo faifan da suka dace. Sannan ya bi ƙannen matarsa da ƙawayen marigayiya gida-gida yana roƙon a duba tsofaffin wayoyi, har aka samo saƙo guda na marigayiyar, tana tambaya ko an isa lafiya. Matar ta saurara ta yi kuka, ta dinga gaya wa dangi irin mijin da Allah Ya ba ta. Shi kuwa yana gefe, kai a sunkuye, yabon na zuba masa kamar tafasasshen ruwa.

Har yau bai faɗa mata ba.