Zanen Basilia

A Tapachula, garin bakin iyaka, kusan kowa baƙo ne, sai dai baƙuntar hawa-hawa ce. Akwai baƙon da ake gayyata ya yanka ƙyallen buɗe sabuwar kasuwa, akwai kuma wanda ko ya shekara talatin a garin, in ya hango motar jami'an shige da fice sai ya faɗa kanti mafi kusa ya kama tayin takalmin da ba zai saya ba. Basilia cikin na biyun take.

Tana da shekara goma sha tara ta gangaro daga duwatsun San Marcos na Guatemala, ta ƙetare kogi ta zo tsinkar 'ya'yan gahawa. Kaka ɗaya ta yi a gona, wata 'yar garinsu ta kai ta aikatau gidan Larabawan nan masu kantin yadi a bayan kasuwa. Shekararta ashirin da bakwai ke nan a gidan.

Mutanen gari Turkawa suke ce musu, alhali daga Lebanon suka fito. Tsohuwar gidan, Doña Wadia, wadda kowa ke kira Teta, wato kaka, ta biyo mijinta cikin jirgin ruwa ba ta san ko gaisuwa da Sifaniyanci ba. Ta shekara arba'in tana auna yadi, har ta kai ko ido rufe ta murza ƙyalle tsakanin yatsu biyu za ta gaya maka auduga ce zalla ko an yi mata haɗi. Ɗanta Don Yamil ya gaji kanti ɗaya ya mai da shi uku. A falonsa akwai tsohon akwatin da mahaifinsa ya yi talla da shi ƙauye-ƙauye, an sa shi cikin gilashi, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya sha labarinsa ko yana so ko ba ya so.

"Mu ma fa baƙi ne," haka yake gaya wa mutane. "Da wannan akwatin kaɗai babana ya sauka. Ƙasar nan duk wanda ya riƙe aiki tana riƙe shi. Ko ba haka ba, Basilia?"

"Haka ne, Don Yamil," in ji ta, tana kwashe kofuna. Ita da jakar leda ta zo, ba kuma wanda ya taɓa tambayar inda jakar ta shiga.

Katin da ke hannunta na ma'aikatan bakin iyaka ne, duk shekara ake sabunta shi, kuma iyakacinsa jihohin da ke kusa da iyaka. Takardar zama na dindindin sai maigida ya rubuta wasiƙa, ya kuma ɓata safiya guda a layi. Kada a ɗauki alhakin Don Yamil, ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai tsadar safiya. In ta tuna masa a watan Nuwamba sai ya ce bayan Kirsimeti, in ta tuna masa a Janairu sai ya ce bayan Ista, har ta gaji ta bar tambaya.

Shekara uku da suka wuce idon Teta ya tafi, tunani ya bi bayansa. Sifaniyancin da ta yi ciniki da shi ya riƙa zubewa daga bakinta, ya bar mata Larabcin ƙauyensu. Nan fa gida ya shiga uku. Don Yamil sunayen abinci ya sani da zagi biyu. Jikoki ko wannan babu, domin da gangan aka ƙi koya musu, wai kada a yi musu dariya a makaranta. Sai Basilia, wadda ta yi shekara da shekaru tana kirɓa nama da alkama a kicin tana shan mitar tsohuwar, ita ce take gane abin da ake nufi.

Murya ma Teta ta daina tantancewa. Hannu ya rage mata. Duk wanda ya matso sai ta laluba ta kama tufarsa ta murza. In ta ji yadin kanti sai ta rufe baki gam, ko likita ne. In ta ji zanen Basilia, saƙin garinsu mai kauri, shuɗi da ratsin ja, sai ta ce, "Ya binti," wato 'yata, ta buɗe baki a ba ta kunun masara.

Ba da soyayya suka fara ba. Teta ce ta ware mata kofi da cokali nata daban, ita ce kuma in rai ya ɓaci take jifanta da "cachuca", sunan rainin da ake kiran mutanen Guatemala da shi a nan. Amma ranar da labarin mutuwar uwar Basilia ya iso, bayan har an binne ta, Teta ta shigo kicin ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce, "Ni ma wasiƙa ce ta gaya mini, bayan wata biyu." Suka yi kukansu tare. Daga baya, da ta ji kanta ya fara kwancewa, ta kama hannun Basilia ta ce, "Kada ki bari in mutu a hannun waɗanda ba sa jin abin da nake cewa." Basilia ta yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi.

Sai ga likita ya ce ciwon zuciyar tsohuwar ya fi ƙarfin garin, a kai ta Puebla inda 'yarta take aure. Kowa ya san tafiyar ba ta da dawowa. Puebla kuwa katin Basilia bai kai can ba.

Doña Lorena, matar Don Yamil, ita ta zo da dabara. Ta sami Basilia a wajen shanya da leda a hannu.

"Jirgin sama kam babu zance, tun daga ƙofa ake buɗe takarda. A mota za mu tafi. Matsalar ɗaya ce, zanen nan naki. Tun daga nesa jami'ai suke hango shi. Ga kayan masu jinya na sayo miki, riga da wando farare. Ki kwance kitson ki ɗaure gashin a baya, ki zauna kusa da Teta. Wa zai tsaya binciken motarmu?"

"Doña, tun ina shekara biyar ban taɓa fita ba zane ba."

"Haba Basilia, kwana ɗaya ne fa. Kina son zuwa ko ba kya so?"

Ranar Lahadi, a dandalin da 'yan aikatau ke haɗuwa su sha iska, Basilia ta gaya wa ƙawarta Chona. Chona ta yi dariya har ta ƙware da ruwan kwakwa.

"Ke da wando? Na rantse sai na biyo ku a guje in sha kallo!"

"Ki bar wasa, Chona, abin ba na dariya ba ne."

"To ki ce Don Yamil ya kai ki ofishin shige da fice mana."

"Ya ce babu lokaci, wata uku takardar take ɗauka."

"Wata uku! A shekara ashirin da bakwai ba a samu wata uku ba? Su sun ajiye harshensu sun hau bene, yanzu kuma zanenki ne ya tsone musu ido. In aka kama ki fa? Su dai gaba za su yi, 'yar uwa."

"Na yi mata alkawari."

"Tana ma tune da alkawarin?"

"Ni ina tune."

Da sassafe ranar Talata Basilia ta warware ɗamararta, ta ninke zanen ta sa a jaka. Ta ji iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba, kunya ta kama ta kamar tsirara ta fito. Doña Lorena ta tafa hannu ta ce kamar a asibiti aka haife ta.

Ba wanda ya yi tunanin hannun Teta, har ita Basiliar. Mota na fita daga gida tsohuwar ta laluba gefenta, ta murza farin yadin, ta janye hannu. Ta fara kira, da farko a hankali, daga baya da ihu. Basilia ta yi mata magana da ɗan Larabcinta, ta yi rarrashi, duk a banza. Kunu ta ture shi ya zube a kujera.

"Ki yi wani abu mana!" in ji Don Yamil daga gaba, gumi na tsatsafo masa duk da sanyin motar.

Basilia ta zaro zanen daga jaka ta shimfiɗa wa Teta a cinya. Ihun ya tsaya. Tsohuwar ta bi ratsin jan nan da yatsa, ta ƙanƙame zanen, sannan ta shiga lalube a cikinsa tana neman mai shi. Ba ta sami kowa ba. Ta matse can jikin ƙofa, nesa da matar da ke kusa da ita. A haka suka yi awa huɗu, gonakin mangwaro na wucewa, Basilia tana haɗiye kuka.

Shingen jami'an shige da fice yana daf da ƙarshen jihar. Motocin haya ne a jere a gefe, ana sauke mutane ana duba fuska. Jami'in da ya zo wajensu ya leƙa, ya ga babbar mota, ya ga tsohuwa da mai jinya, har ya ɗaga hannu zai ce su wuce. Amma Teta ta ji an sauke gilashi, ta ji muryar hukuma. Sifaniyancin da ya shekara bai fito ba, wanda take kiran ɗan sanda da shi in an yi sata a kanti, ya dawo mata tas.

"Yallaɓai! Wannan matar ba tamu ba ce. Ta sace zanen 'yata. Ka tambaye ta ina ta kai ta."

Jami'in ya dubi zanen, ya dubi Basilia.

"Daga ina kike, Uwa?"

Tana buɗe baki harshenta ya ba da ita. Ta miƙa katin. Ya juya shi gaba da baya.

"Haba ɗan'uwa," in ji Don Yamil, "tsohuwar ba ta cikin hankalinta. Wannan 'yar gida ce, shekararta ashirin da bakwai tare da mu."

"To ai da kun yi mata takarda, yallaɓai."

Jami'in ya mayar wa Basilia katin, ya sassauta murya.

"Uwa, katinki a nan ya ƙare. In kika sauka kika koma, ni ban ga komai ba. In kika wuce, akwai wani shingen a gaba, can kuwa har katin za ki rasa."

Ba wanda ya ce mata sauka. Doña Lorena ta duba agogo kawai, saboda likitan Puebla washegari da safe ya ce su zo. Basilia ta ji haushi ya taso mata, haushin su duka, har da tsohuwar da ta tona ta don tsabar son ta. Ta roƙi minti biyar.

Ta kama bakin zanen za ta ja, Teta ta ƙara ƙanƙamewa. Sai ta bar ja. Ta zura hannunta ta ƙarƙashin zanen a hankali, har ya kai inda yatsun tsohuwar suke. Teta ta ji hannun mutum a cikin saƙin. Jikinta ya saki.

"Ya binti, ina kika shiga?" ta ce da Larabci. "Wata mata suka sa mini."

"Ga ni, Teta. Ta tafi."

Ta ba ta ragowar kunun, ta shanye. Sannan Basilia ta yafito Doña Lorena ta dawo baya, ta kama hannunta mai zobba ta cusa shi ƙarƙashin zanen, ta zare nata.

"Kada ki taɓa ta sai ta cikin zanen, Doña. Kada a wanke shi da sabulu mai ƙamshi. In ta ce mayy, ruwa take so. In ta ce bardane, sanyi take ji, a rufe mata ƙafa."

Doña Lorena tana rubutawa a waya da ɗaya hannun, idonta ya cika. Don Yamil ya fito ya tsaya yana shafa ƙeya, ya ce da zarar ya dawo, ranar Litinin ɗin farko, shi da kansa zai kai ta ofis. Ta ce to.

Motar ta wuce shingen. Basilia ta tsallaka titi ta tsaya inda ake jiran motar komawa, cikin fararen kaya, rana na dukanta. Wata mai tallan mangwaro ta matso ta ce, "Nas, a yanka miki?" Ta girgiza kai.

Akwai kalma ta uku da ba ta faɗa wa Doña Lorena ba. Kullum in la'asar ta yi Teta takan ce khayfe, wato tsoro nake ji. Wannan ba ruwa ake kawo mata ba, ba bargo ba. Zama ake yi kusa da ita a riƙa amsa mata har ya wuce, wani lokaci awa biyu. Basilia ta duba inuwar rumfar mai mangwaro, ta ga saura kamar awa uku la'asar ta yi. Ta kai hannu ƙugu za ta gyara ɗamara, ta ji robar wando.