Kumfar Shayin Uni Ros

Bustami ya cika shekara sittin da takwas, kuma abin da ya mallaka a duniya bai wuce keke ba. Gidan na matarsa Yusnida ne, kamar yadda gidaje suke a bakin tafkin Maninjau. Gonar shinkafar tata ce, agwagin ma nata ne. Shi dai keken tsere, da wando mai matse cinya wanda Yusnida ta hana a shanya shi a gaban gida.

Duk Lahadi bayan asuba su biyar suke fita a kan kekuna, shi da abokansa huɗu. Sai su bi gefen tafki har rana ta taɓa ruwa, sannan su kama hawan dutse, lanƙwasa arba'in da huɗu, kowace da lambarta a jikin allo. A can ƙoli rumfar Uni Ros take, wato Yaya Ros a yaren wurin, mai shayin ƙwai. Gwaiduwar ƙwan agwagwa ɗaya take kaɗawa da sukari a kowane kofi har kumfa ta taso, sannan ta tsiyaya baƙin shayi. Kumfar nan ba ta da haƙuri, minti goma ta kwanta.

Dokar ƙungiya Bustami ne ya kafa ta, lokacin da shi ne na gaba kullum: da isowar na farko a kaɗa shayin kowa, kuma ba mai kurɓa sai na ƙarshe ya iso. A lokacin dokar ta yi masa daɗi, don shi ke zama yana kallon kumfar wasu tana mutuwa.

Yanzu shi ne na ƙarshe. Likita ya yi magana a kan ya bar hawan keke, Yusnida ta ɗora tata a kai. Da ya ga za su cinye shi da baki, sai ya tara kowa ya yanke hukunci da kansa: ranar da ya iso ya tarar da kumfa ta kwanta, ranar zai rataye keken. Ya sa Uni Ros ta rantse za ta kaɗa da isowar na farko, ya sa abokan suka rantse ba za su sha ba sai ya zo. Uni Ros ta je Makka sau biyu, ba a wasa da rantsuwarta.

Wata takwas ke nan, kumfa ba ta taɓa kwanciya ba.

Wannan Lahadin tun daga lanƙwasa ta goma ƙafafunsa suka fara kawo ƙara. Darwis, tsohon hedimasta, ya wuce shi, ya kira shi Uda, wato Yaya, yana cewa, "Uda, in ka ga kunkuru a hanya ka gaishe shi, ɗan ajinku ne."

"Je ka dai," in ji Bustami. "Gaggawa ba ta haihuwar ɗa namiji. Dube ka."

A ta ashirin da biyar ya duba ƙasa, tafkin ya kwanta shuɗi tsakanin duwatsu, hazo na tashi daga kan gonaki. Shekara talatin yana ganinsa daga nan, kuma tsoro ya kama shi sosai cewa yau ne na ƙarshe. A ta talatin da ɗaya ya sauka, abin da bai taɓa yi ba. Wani biri a kan ƙarfen gefen titi ya zuba masa ido. Bustami ya yi kamar yana duba kaca, birin bai gamsu ba.

Da ya kai ƙoli ya san ya makara da fiye da rabin awa. Ya jingine keke a hankali kamar mai ajiye gawa. Abokan huɗu na zaune, kofi biyar a kan tebur, kumfa a tsaye har tana leƙo baki.

"Ka ga, da ƙyar ka sha," in ji Darwis. "Mu ma isowarmu ke nan."

Rigar Darwis ta bushe ƙarau. Bustami ya lura. Ya ce bari ya wanke fuska, ya zaga bayan rumfa inda randa take.

A nan ya tarar da Bahar, mijin Uni Ros, zaune a kan buhun gawayi. Kofi huɗu babu komai a gabansa, na biyar a hannunsa, kumfarsa ta daɗe da mutuwa. A cikin kwando ɓawon ƙwai goma. Bahar mutum ne da aka sani siriri kamar sandar rake, yanzu maɓallin rigarsa na neman agaji.

Suka dubi juna.

"Tun yaushe?" in ji Bustami.

"Wata takwas, Uda."

"Biyar duk Lahadi?"

"Ranar da aka yi ruwa goma na sha. Sau uku ta kaɗa." Bahar ya yi gyatsa, ya nemi gafara. "Ta rantse za ta kaɗa da isowar na farko, tana kaɗawa. Su sun rantse ba za su sha ba, ba sa sha. Ni ne ban rantse komai ba. Darwis ke leƙawa, in ya hango ka a ta arba'in da biyu sai ta sake sabo."

Kunya ta rufe Bustami har wuya. Bayan kunyar wani abu ya biyo, ya ji yana ƙaunar mutanen nan har idonsa ya yi zafi. Ya wanke fuska sau biyu.

"Likita ya ce jinina ya hau," in ji Bahar. "Ba ƙorafi nake ba."

Bustami ya koma tebur, ya ɗauki kofinsa, ya matsa lemun tsami, ya shanye tas. Ya ce wa Darwis ƙafarsa ta fara nauyi, ya kamata ya rage cin shinkafa.

Da azahar ya shiga gida yana tura keken. Yusnida na tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Kumfa ta kwanta?"

"Wadda aka ba ni dai ba ta kwanta ba."

Ta ɗago ta dube shi, shi ma ya dube ta. Sai yanzu ya tuna wata takwas ke nan ba a soya ƙwai a gidan nan ba, ga agwagi goma sha biyu suna yawo lafiya lau.

"Ranar Asabar in za ki aika wa Uni Ros ƙwai," in ji shi, "ki haɗa da maganin hawan jini. Na Bahar ne."

Yusnida ta ci gaba da tankaɗe. Bustami ya jingine keken a inda ya saba, ya tafi neman man kaca.