Salansar Duba-gari

"Riƙe nan, Malam Hadi. Ba can ba, nan. Mutum ya yi Midil, amma ƙarfe ya gagare shi riƙewa."

Malam Hadi ya riƙe. Ba ya musu da Nata'ala a maƙera, don taubashinsa ne, kuma masaba tana hannunsa. Babur ɗin yana jingine da durumi, tsohuwar salansarsa tana yashe a ƙasa, huda ta fi ƙarfe yawa a jikinta. Shekara tara ana ɗaure ta da waya, ana liƙe ta da gwangwanin madara, har aka daina sanin inda salansa ta ƙare gwangwani ya fara.

Ragowar yaƙin Bama ne babur ɗin, wato yaƙin duniya na biyu, daga hannun wani tsohon soja ya saye shi. Kowace Asabar yakan kwance fulogi ya goge shi da kananzir da guntun asuwaki, ya bi sarƙa da baƙin mai da gashin kaza, haƙori bayan haƙori. Matarsa Hajaratu takan ce da ita ake lallaɓawa haka, da har yanzu tana amarya. Abu ɗaya ne bai taɓa gyaruwa ba, shi ne murya. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, Tsawa ake kiran babur ɗin Malam Hadi duba-gari, kuma ana jin sa tun yana mil uku.

Jiya ne aka yanke wa muryar hukunci. Malam Sanusi, babban duba-gari, ya zo daga Katsina don ya ga mutumin da ya shekara tara bai rubuta wa kowa sammaci ba. Malam Hadi ya ɗauko shi daga tashar mota, tafiyar da ba ta kai jifa uku ba. Da ya sauka sai ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza, ya ce, "Gobe za mu Sheme. Amma ba zan sake hawa wannan abu ba sai an toshe masa baki."

Nata'ala ya ƙera sabuwar salansar ne daga bututun wata matacciyar mota, ya cusa mata hudaddun faranti a ciki. Ya ɗaure notin ƙarshe, ya dake kansa da masaba.

"Wannan sai jikokinka su kwance. Taka mu ji."

Ya taka. Babur ya tashi yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi. Malam Hadi ya tsaya yana saurare, idonsa ya ciko.

"To, Allah shi sa alheri ne," in ji Nata'ala yana share hannu. "Ni dai da ni ne kai, da na bar tsoho da tarinsa."

"Maƙeri ke nan. A ba shi aiki ya yi, ya dawo yana kushe aikin."

Da hantsi suka kama hanya, Malam Sanusi a baya da littafinsa a aljihu. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Karo na farko ke nan da Malam Hadi ya iya hira a kan babur, bai kuwa yi wasa da damar ba. Ya bayyana wa ubangidansa sirrin aikinsa dalla-dalla.

"Mutum ɗan lallashi ne, ranka ya daɗe. Na zauna da su, na nuna musu yadda sauro yake haihuwa a randa. Yanzu ko ba na nan, tsabta ta shiga jininsu."

"Madalla," in ji Malam Sanusi.

Suka shiga Unguwar Mani, ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Mai unguwar, Baba Mani, yana kwance a gindin tsamiya ba riga. Ya buɗe ido ya ga duba-gari biyu a kansa, ya laluba hularsa ya kife ta a baibai.

"Malam Hadi, da ƙafa kuka zo?"

"Ga babur nan, Baba."

Tsohon ya dubi Tsawa da tausayi. "Mi ya same shi? Ba shi da lafiya?"

Malam Hadi bai taɓa ganin garin nan ba. Ya san wata Unguwar Mani mai sharar tsakar gida, wadda sawun tsintsiya yake kwance a kan yashinta kamar rubutu. Wannan kuwa juji har bakin rijiya. A gida na farko ya tsoma ludayi a randa, ya ɗago da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Gida na biyu haka, na uku har da kwaɗo. Malam Sanusi ya ciro littafi ya rubuta sammaci uku, a natse, da rubutu mai kyau.

Wata mata ta yi magana daga bayan zana. "Malam Hadi, ni ce Fatsuma. Gaskiya ba a kyauta muna ba. Ba mu ji ka ba. Kullum tun kana gangaren rafi muke tashi, a yi shara, a wanke randa, har mutum ya sami sukunin sake zane. Yau sai ka faɗo muna kamar ɓarawo."

Malam Hadi ya dubi ludayin da ke hannunsa. Shekara tara yana zaton bakinsa ne yake aiki, ashe bakin babur ne.

Suka tashi. Saura mil huɗu Sheme, kuma a Sheme Goggo take, ƙanwar ubansa, wadda ta goye shi tun ranar da uwarsa ta rasu. Tana da wata randa binne rabi a yashi a gindin lemo, kuma tun yana yaro ra'ayinta ɗaya ne: randar da aka wanke ruwanta ba ya daɗi. Duk da haka, duk zuwan da ya yi a wanke yake samun ta, an rufe da faifai. Kullum kuma Goggo tana haki take tarbarsa. Shi ya ɗauka tsufa ne, har maganin ƙirji yake kawo mata daga asibiti.

A zuci ya hango ta tsaye a gaban alƙali, tsohuwa mai shekara saba'in, riƙe da takardar da ɗan goyonta ya kai mata har gida.

A bakin rafin da ke kafin gari ya taka birki.

"Inji ya yi zafi, ranka ya daɗe. Ga azahar ma ta yi."

Malam Sanusi ya gangara alwala. Yana ba da baya Malam Hadi ya zaro sifana ya durƙusa. Notin salansar bai ko motsa ba. Nata'ala, wanda bai taɓa yin aikin da ya wuce damina ɗaya ba, yau ya zaɓi ya zama gwani. Sifana ta kuɓuce, bayan hannunsa ya manne da bututu mai zafi. Ya haɗiye ihun, ya ambaci taubashinsa da wasu kalmomi da ba a koyarwa a Midil. Sannan ya lalubo ƙusa a jakar kayan gyara, ya ɗauki dutse, ya saita. Hannunsa ya tsaya a sama. Bai taɓa dukan babur ɗin nan ba, ko ranar da ya kayar da shi a kasuwar Daudawa a gaban mutane.

"Kada ka huda. Aikin kirki ne."

Malam Sanusi ne a bayansa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Malam Hadi ya sauke dutsen a hankali, yana neman ƙaryar da za ta dace da mutum mai ƙusa a hannu, bai samu ba.

Babban duba-gari ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya bi bututun da ido. "Ba ta nan ba. Can wajen wuya, noti biyu ne, maƙerinka bai dake su ba. Ba ni sifanar."

Suka cire ta, suka naɗe a buhu.

"Kafin a ba ni ofis, doki nake hawa," in ji Malam Sanusi yana goge yatsu da ciyawa. "Shekara goma sha ɗaya. Ƙararrawa uku na rataya masa. Da na ga takardunka sai na ce bari in je in gani, ko waliyyi muka ɗauka aiki, ko shi ma yana da ƙararrawa."

"Sammacin nan uku fa, ranka ya daɗe?"

"Abin da ido ya gani an rubuta. Shi ya sa ake rataya ƙararrawa."

Suka yi salla. Malam Sanusi ya tsinko auduga a gonar gefen hanya ya toshe kunnuwa biyu, ya hau baya ya rungume salansar kamar jariri.

"Taka. Amma ka tafi a hankali, tsofaffi ba su da sauri."

Tsawa ya tashi ba ko gwangwanin madara a bakinsa. Balbelu suka watse daga rafin, wani jaki ya tsinke igiya. Mil ɗin da ya rage, Malam Hadi a giya ta ɗaya ya yi shi.

Sun sami Sheme a share, sawun tsintsiya bai ko bushe ba. Goggo tana bakin zaure tana haki, gefen zanenta jiƙe.

"Hadi, yau muryar abin naka ta ƙaru. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Goggo. Ga ubangidana na kawo miki."

Ta shigar da su gindin lemo. Randar tana sheƙi, an rufe ta da sabon faifai. Malam Sanusi ya tsoma ludayi, ya ɗaga shi a hasken rana ya duba, sannan ya yi bisimilla ya sha.

Goggo ta matso kusa da shi, ta rage murya. "Ka yi haƙuri, Malam. Ruwan yau ba shi da daɗi. Da jiya ka zo."

Malam Sanusi ya taɓa audugar kunnensa, ya ƙara tura ta ciki, ya sake ɗibar ludayi guda.